Muryar da Ta Fito Daga Akwatin Hudu

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure ko saukar karatu tsakanin Gumel da Maigatari ya ji aikin Hudu mai lasifika, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Fuskar ma dai ba wata abin gani ba ce. Ɗan tsamurarren mutum ne, gajere, mai kunnuwa fato-fato, kuma Allah Ya zuba masa tsoro kamar shi kaɗai aka ce ya je ya ɗebo. Kare ya yi haushi a wata unguwa, Hudu ya canza hanya. Ɗan sanda ya ce masa sannu da aiki, ya wuni yana neman laifinsa. Amma ka miƙa masa rediyon da kowa ya fid da rai, sai ya kara kunne, ya runtse ido, ya ce maka ga inda ciwon yake. Kuma nan ɗin ne.

A Gagarawa Tasha aka haife shi, babansa mai shayi ne. Da ya tasa aka kai shi Maigatari wajen wani Badamagare mai gyaran rediyo, Malam Abdulbaƙi, wanda ba ya koyarwa da baki, sai dai ya ja maka kunne zuwa jikin rediyon ya ce, "Saurara." Haka Hudu ya saurara har ya zama mutum. Ya buɗe shagonsa a bakin kasuwar Gumel tun zamanin kaset, ya ga zuwan faifai, ya ga tafiyarsa, ya ga zuwan ɗan memorin nan da bai kai farce ba. Ya auri Haulatu, 'yar mutanen Maigatari, mace mai baki kamar reza, wadda ita ce ke fita duba tsakar gida idan an ji motsi. Suka haifi Muhsina da ƙannenta.

Abin da ya yi masa suna shi ne akwatinsa. Da hannunsa ya haɗa shi, da katako mai kauri da wata ƙatuwar lasifika da ya saya a hannun direban tirela. Mutane suka sa wa akwatin suna Bajimi. Da farko akwai wata 'yar ƙaramar lasifika a samansa, mai fitar da siririn sauti, sai ta ƙone a wani taron siyasa. Hudu ya yi niyyar canza ta, amma washegari ya kai Bajimi wajen wa'azi haka nan, sai ga malamin, mai 'yar murya kamar ta akuya, ya koma kamar hadari na tasowa. Malam ya sa masa albarka har sau ba adadi. Daga ranar Hudu ya bar akwatin a haka. Sanƙira, ladani, ɗan takara, duk wanda ya kama makirfon Hudu sai ya ji kansa ya zama ƙaton mutum. Wa zai ƙi?

Shi dai Hudu ya san abin da bai cika faɗa ba, cewa kunne ba alƙali ba ne. A shagonsa ya sha gani. Mutum zai zo sayen lasifika, ya ce a kunna masa biyu ya zaɓa, ya tsaya yana gyaɗa kai kamar masani. Wadda aka ɗan ƙara wa ƙara ita zai ɗauka, ko mai jan fenti, ko wadda aka ce masa daga Dubai ta zo. In ka juya masa baya ka sake kunna su, sai ya zaɓi wadda ya kushe. Hudu kan yi dariya a cikinsa, ya naɗe masa kaya. Bai taɓa tsammanin wannan abin dariya zai zo ya tsaya a kan wuyan wani nasa ba.

Wata Talata da hantsi wani ɗan banga ya tsaya da babur a ƙofar shago ya ce dagacin wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar yana kiransa, ya zo da Bajimi. Tun a nan Hudu ya tambaya ko biki ne, ɗan bangan ya ce, "In ka je ka gani."

Ba biki ba ne. An kore shanun wani dattijon Bafillace da ake kira Bappa, garke guda, ranar kasuwa da matasan rugar suka tafi cin kasuwa. Ɓarayin sun sari wani makiyayi, yana kwance a asibiti. Wajen gudu ɗayansu ya yar da 'yar ƙaramar waya, irin mai tocila, ba layi a ciki, amma irin wadda ke naɗar kira da kanta ce. A cikinta aka sami muryar wani mutum yana cewa, "Suna bayan tsamiya, yaran duk sun tafi kasuwa, ku yi sauri." Wato ɗan gari ne ya ba da su. An yi ta kara wayar a kunnuwa, ba wanda ya gane mai maganar, don lasifikar wayar ta fashe, sai ziza take kamar ƙuda a kwalba. Shi ne wani mai wayo ya ce a kira Hudu a sa a babban akwati kowa ya ji.

Ƙofar gidan dagaci cike take. Ga Fulani da sandunansu, ga 'yan banga da gorori da adduna, ga matasa a kan katanga. Hudu ya tayar da janareta, ya zare memorin wayar ya sa a inji, ya murɗa.

Bajimi ya yi abin da ya saba. Muryar ta fito da kauri, ta cika fili, har ƙirjin mutum na amsawa. Can daga baya wani ya ce, "Kai! Wannan ba Ubale dillali ba ne?"

Inna lillahi. Ubale dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, ƙato mai murya kamar ganga, wanda in yana ciniki a kara ana jiyo shi daga bakin titi. Makon da ya wuce ya je rugar Bappa duba wani sa. Kuma Ubale ƙanen Haulatu ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

"A sake sawa!" in ji jama'a.

Hudu ya sake. To, a nan ne abin tsoron yake. Karon farko murya kawai ya ji. Karo na biyu, da sunan ya riga ya shiga kansa, wallahi Ubale ya ji, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Ya dafa akwatin. Fili ya kaure da "shi ne, shi ne." Wani saurayi ya buga sanda a ƙasa ya ce yau sai an ga jini. Dagaci ya ɗaga hannu da ƙyar aka saurara, ya ce a je a zo da Ubale, a tsare shi a zaurensa, gobe da safe a zauna. Sannan ya dubi Hudu ya ce, "Ka bar akwatin nan, gobe ka dawo. Ai surukinka ne, ko?" Hudu ya ce, "E, ranka ya daɗe," da muryar da shi kansa bai ji ta ba.

Kowa a yankin ya san abin da ake yi wa mai ba ɓarayi labari idan jama'a suka riga hukuma. Ba a kai shi ko'ina. Hudu ya taɓa ganin irin haka a wata kasuwa, ya yi wata guda ba ya iya cin nama. Kafin ya baro ƙauyen ya roƙi ɗan bangan ya bar shi ya kwafi muryar a wayarsa, wai don ya gyara ta ta fito sosai.

Ya iso gida bayan la'asar ya tarar labari ya riga shi. Haulatu na tsaye a tsakar gida, mayafi a kafaɗa, idanu jawur.

"Baban Muhsina, da akwatinka aka kama ɗan'uwana?"

"Ni fa kira na aka yi, Haulatu. Ban san..."

"Kunna mini."

Ya kunna mata a wayarsa. Ta saurara, ta yatsine fuska. "Wannan 'yar muryar ce Ubale? Wannan ai ko tari Ubale ya yi ya fi ta." Hudu ya saurara, ya ji gaskiyarta, siririya ce. Ya ɗauko rediyon ɗaki ya sa memorin wayarsa a ciki, sai muryar ta fito ta hanci, kamar mai mura. Ya sa abin kunne, sai ya ji wani dattijo mai haki. Magana ɗaya, mutum ɗaya, amma kowane inji da mutumin da yake ba shi. Ya zauna a bakin rijiya.

"A rediyon nan ma," in ji Haulatu, "wallahi kamar kai."

"Ke! Rufe bakinki!" Ya waiga ya dubi katanga ko maƙwabta sun ji.

"To ka ji yadda ake ji. Gobe sai ka tashi ka gaya musu akwatinka maƙaryaci ne."

Faɗa da baki ba wuya. Shi Hudu, wanda ko a sahun salla ba ya son a ce ya matsa gaba, shi zai tsaya gaban masu adduna ya ce musu abin da kunnuwansu suka ji ba haka ba ne? Cewa za su yi yana kare surukinsa. Wani ma ya ce tare suke ci. Kuma can ƙasan wannan tsoron akwai wani da bai iya gaya wa Haulatu ba. Idan fa Ubalen ne? Tuwon da aka ajiye masa haka aka ɗauke shi.

Da safe ya shiga a-kori-kura ya koma, yana karanta duk addu'ar da ya sani. Mutanen sun ninka na jiya. Aka fito da Ubale daga zaure, hannu ɗaure ta baya, leɓensa a kumbure, hularsa babu. Ƙaton nan da ke cika kara da murya, sai ga shi yana kyarma kamar ɗan tsako. Ya rantse da Alƙur'ani ba shi ba ne, amma da ya buɗe baki sai jama'a suka ce, "Kun ji ko? Ita ce!" Rantsuwar tasa ma ta zama shaida a kansa.

Dagaci ya ce a kunna. Hudu ya durƙusa gabansa maimakon gaban inji.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

"Faɗi."

"Akwatin nan... ba ya fitar da murya yadda take. Ƙara mata kauri yake. Ni na mai da shi haka. Kowa ya yi magana a cikinsa sai ya koma mai babbar murya."

Fili ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce, "Ai dama! Suruki ne!" Wani ya ce a haɗa da shi. Hudu ya ji fitsari na neman kuɓuce masa. Ya yi maza ya ce kada a yarda da shi, a gwada. A samo waya irin waccan, a zaɓi maza daga cikin taron har da Ubale, a kai su bayan masallaci inda ba a ganinsu, kowa ya kira ya faɗi maganar nan a naɗa. Sai a sa a Bajimi ɗaya bayan ɗaya, jama'a su nuna ta Ubale. In sun nuna daidai, ya yi shiru.

Liman ya ce wannan adalci ne. Dagaci ya yarda. Liman da kansa ya zaɓi mutanen, ya tafi da su, Hudu ya bi su da wayar. A cikin waɗanda aka zaɓa har da Ya'u, babban ɗan Bappa mai shanun.

Aka dawo aka fara. Ta farko ta fito da kauri, wasu suka ce Ubale ne, wasu suka ce a'a. Ta biyu ma haka. Da aka sa ta uku sai Bappa da kansa ya miƙe, ya nuna akwatin da sandarsa, ya ce, "Wannan ita ce ta jiya. Ita ce ta cikin wayar ɓarayi. Ko a kabari na ji ta zan gane." Jama'a suka amsa masa. Dagaci ya dubi liman. Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan ta Ya'u ce."

Hudu ya ɗauka shi ke nan, an gane. Ina! Bai san mutane ba. Nan take wani ya ce, "To ashe ɗan gida ne!" Wani ya ce dama Ya'u ya daɗe yana son a raba masa nasa shanun. Kan ka ce me, sandunan da ke kallon Ubale sun juya suna kallon Ya'u. Yaron mutane ya ja da baya har ya jingina da bango, yana cewa da Fillanci da Hausa shi bai san komai ba. Bappa ya tsaya baki buɗe, yana duban ɗansa kamar yau ya fara ganinsa.

Hudu ya ga abin da ya yi. Ya zare wuyan wani ya sa na wani. Gwajin da ya kawo don a ce kunne ba ya ganewa, shi ne jama'a suka mayar sabon alƙali. Zuciyarsa ta ce masa ya yi shiru, ai Ubale ya fita, ya ɗauki akwatinsa ya gudu. Wallahi ya so ya bi ta. Ƙafarsa har ta ɗaga.

Amma akwai sauran murya ɗaya a memorin, wadda daga shi sai liman suka san da ita. A bayan masallaci, da za a gwada ko wayar na naɗa, Hudu ne ya fara kira ya faɗi maganar.

"Saura ɗaya, ranka ya daɗe!" Ya murɗa injin har ƙarshe don ya danne hayaniyar.

Muryar ta fito ta girgiza fili, ta fi duk na baya ƙarfi. "Suna bayan tsamiya, yaran duk sun tafi kasuwa, ku yi sauri." Kowa ya tsaya cak. Sai aka ɗauka gaba ɗaya, "Wannan ce! Wannan ce ta gaskiya!" Saurayin nan mai son ganin jini ya rantse har da saki. Waɗanda suka riƙe rigar Ya'u suka sake shi. Aka yi ta tambaya, "Wane ne? Liman, wane ne?"

Hudu kawai liman ya duba. Hudu ya ga adduna, ya ga Muhsina a ransa, ya ga mutumin nan da jama'a suka taɓa rufar wa a kasuwa. Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ni ne."

'Yar muryarsa ta gaske, siririya, mai rawa, ita ta fi komai ba mutane kunya. Suka dube shi, suka dubi akwatin. Ɗan mutumin da iska za ta iya ɗauka, wanda ranar satar yana wajen walima a Gumel gaban ɗaruruwan mutane. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Amma ba kowa ne ya yi dariya ba, Hudu ya ga idanu biyu-uku da suka tsaya a kansa suna aunawa, kuma ya san za su daɗe suna aunawa.

Bappa ne ya fara magana. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya ce, "Na kusa ba da ɗana." Dagaci ya ce a kwance Ubale, a kai wayar ga hukuma su bi ta hanyarsu, kuma duk wanda ya taɓa wani a kan muryar nan shi da shi ne. Jama'a suka watse ba daɗi, kamar waɗanda aka ƙwace wa abinci. Har yau ba a ga shanun ba, ba a kuma san mai muryar ba.

A-kori-kurar da ta kawo Hudu ita ta kwashe su. Suna baya su biyu, Bajimi a tsakaninsu, Ubale na shafa sawun igiya a hannunsa. Sai da aka hau kwalta Ubale ya ce, "Yaya Hudu, Allah Ya saka. Ka fanshi raina." Hudu ya ce ba komai, yana kallon gonaki.

"Amma in tambaye ka. Jiya da aka fara sawa, aka ce ni ne. Kai da ka san muryata shekara da shekaru, kai da kunnenka ya fi na kowa, ai ka san ba ni ba ne tun a lokacin, ko?"

Da Hudu ya ce e, da an wuce wurin. Mutumin da ya gama tsayawa gaban adduna, me zai gagare shi a kalma ɗaya? Amma muryar da ta yi tambayar, a nan kusa da kunnensa, ba inji ba waya, ita ce dai yake ji tana cewa suna bayan tsamiya. Ya san ƙarya kunnen ke yi masa, ko kuma bai sani ba.

"Ubale," ya ce, "na ji ka a ciki. Wallahi na ji ka. Na san bai kamata in yarda da abin da na ji ba, shi ya sa na tashi. Amma ko yanzu da kake magana, ina jin ka."

Ubale ya daɗe yana dubansa. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya buga jikin motar, direba ya tsaya a mararrabar Maigatari, Ubale ya sauka ba hula, ya ce a gai da Yaya Haulatu da yara.

Ubale yana zuwa gidan Hudu har yanzu, ranar salla ko in an yi haihuwa. Yakan zauna da 'yar'uwarsa su yi ta hira, ana jiyo dariyarsa daga waje. Da Hudu ya yi sallama ya shigo, sai Ubale ya miƙa masa hannu, ya amsa gaisuwa da ka, ya yi shiru har ya tafi.